A Miƙa Musu Ƙwallo, A Bar Mana Shewar

Masoya wasan zari-ruga, ku matso kusa! Akwai al'adar da aka aro daga Amurka aka liƙa wa wasan nan, kuma ta ishe mu haka: a jera 'yan mata a gefen fili cikin guntayen tufafi, riƙe da tuntaye masu ƙyalli, suna rawa wai don su tsuma 'yan kallo.

Wa ya ce muna buƙatar a tsuma mu? Duk wanda ya ga 'yan wasan New Zealand sun jeru suna rawar yaƙinsu ta Haka, suna dukan cinya, idanu a zare, harshe a waje, ya san wasan nan da tsuminsa ya zo. Tonga na da Sipi Tau, Samoa na da Siva Tau. A Cardiff mutanen Wales ne ke rera waƙa da bakinsu har filin ya amsa. A Afirka ta Kudu matasan Gwijo Squad ke ɗaga waƙoƙin Xhosa daga kan kujerun kallo, da tafi da murya kawai.

Ba raina 'yan matan nan muke yi ba, ko kusa. Tsalle-tsallensu da ɗaga juna sama aiki ne na horo mai wuya, har kwamitin wasannin Olympics na duniya ya amince da hukumarsu a 2021. To, su yi gasarsu, a tafa musu a matsayin gwanaye. Abin da muka ƙi shi ne a mai da 'yar mutane ado, kyamara na bin jikinta, 'yan giya na yi mata ihu, uba ya rasa inda zai kai idon ɗansa.

An ma riga an gwada. A 2007 ƙungiyar South Sydney Rabbitohs ta Ostareliya, wadda ɗan fim Russell Crowe ke cikin masu ita, ta sallami 'yan rawarta ta kawo makaɗa. Filinta bai mutu ba, ta ma ci kofin gasar da take bugawa a 2014. Masu tseren motoci na Formula 1 su ma sun daina jera 'yan mata a 2018.

Kuma ku dubi Twickenham a Satumban 2025: sama da mutum dubu 80 suka cika filin don ganin matan Ingila sun doke na Kanada da ci 33 da 13 a wasan ƙarshe na kofin duniya. Mata ne a tsakiyar fili, cikin laka da gumi, ƙwallo a hammata.

Don haka ku tashi! Ku rubuta wa ƙungiyoyin da kuke goyon baya, ku ce kuɗin tuntaye ya koma sayen takalma da biyan masu horar da 'yan mata. In mata na wasa, ku sayi tikiti, ku kunna talabijin, ku kira 'ya'yanku mata su zauna su gani. Ranar wasa kuwa kowa ya zo da muryarsa da gangarsa.