Reshen da ake kin zanawa: lissafin Jangebe

A daren 26 ga Fabrairu 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara. An sako 279 a ranar 2 ga Maris. Matakin da gwamnatin Bello Matawalle ta fara ɗauka shi ne rufe makarantun kwana, kuma har yau manyan ma'aikata da dama na kiran wannan taka-tsantsan. Duk wanda ya taɓa zana bishiyar yanke shawara a Excel ya san cewa rabin lissafi kawai aka yi.

Aikin ba shi da wuya. Kowane zaɓi reshe ne, kowane reshe kuma yana rabuwa zuwa abubuwan da ka iya faruwa. Ana ba kowace hanya layinta, a ninka yiwuwar matakanta ɗaya da ɗaya, sannan a tabbatar da cewa rassan da suka fito daga gaɓa guda sun haɗu sun ba da 1. A ƙaddara, don misali, yiwuwar kai hari a zangon karatu 0.02 ce, yiwuwar jami'an tsaro su makara kuma 0.7. Hanyar da ke ƙarewa da sace ɗalibai ta zama 0.014. Idan aka girke jami'ai kusa har makarar ta sauka zuwa 0.2, sai ta koma 0.004. Tun daga nan jadawalin ya nuna inda ya kamata kuɗi su tafi. SUMPRODUCT ne ke ninka yiwuwar kowace hanya da asararta, ya tara jimilla.

Matsalar tana ga reshen rufewa. Mai rufe makaranta yana ɗauka cewa asarar wannan reshe sifiri ce, domin ba a sace ɗaliba daga ɗakin kwanan da babu kowa. To amma reshen yana da 'ya'ya: wadda za ta dawo aji, wadda za a aurar kafin a buɗe, wadda jarrabawar kammala sakandare za ta wuce ta. Excel yana lissafa gurbin da aka bari babu komai a matsayin sifiri, ba ya tambayar dalili. Haka ake share makomar yarinya ba tare da kowa ya sa hannu ba.

Akwai sifiri na biyu, wato zaton cewa makarantar je-ka-ka-dawo ta tsira. A ranar 1 ga Satumba 2021 aka sace ɗalibai 73 daga irin wannan makaranta a Kaya, cikin ƙaramar hukumar Maradun. Haɗarin da aka kora daga ɗakin kwana ya bi ɗalibai har aji da rana tsaka.

Masu suka za su ce ba a auna ran ɗan Adam da alƙalumma, kuma babu wanda ya san ainihin yiwuwar hari. Gaskiya ne lambobin ƙiyasi ne. Sai dai wanda ya rufe makaranta ma ƙiyasi ya yi, ya ɓoye shi a cikinsa inda babu mai iya ƙalubalantarsa. Ƙiyasin da aka rubuta ana gyara shi. Bayan Ƙanƙara a Disamba 2020 da Kagara a 17 ga Fabrairu 2021, duk jadawali mai gaskiya da ya ɗaga lambar hari kafin a kai ga Jangebe, domin hare-haren ba cin karo suke yi ba: nasarar wani ce ke ƙarfafa gwiwar na gaba.

Ma'aikatar ilimi, da majalisar dokokin jiha, da ƙungiyoyin da ke ba su shawara, ya kamata su daina gabatar da rufewa ko buɗewa ba tare da cikakkiyar bishiya ba, kowane gurbi da lambarsa da sunan wanda ya sa ta. Uban da ke Bakura ko Jangebe, wanda ake nema ya mayar da 'yarsa makaranta, yana da haƙƙin ganin wannan takarda kafin ya ɗaure mata akwati.