Kowa Ya Raina Tsayuwar Wata: Masu Sa Kai da Tsoffin Gine-ginen Wales

Akwai wani raini da ya zama ado a bakin wasu masu ilimi. Da zarar an ambaci Wikipedia sai su taɓe baki, su ce ai wannan dandalin kowa-da-kowa ne, wanda bai san hagunsa da damansa ba ma yana iya rubutu a ciki. Ina so in ɗauki misali ɗaya tak, wato aikin da masu sa kai ke yi na tattara bayanan tsoffin gine-ginen yankin Wales na Birtaniya, in nuna cewa wannan raini ba shi da tushe, kuma masu yin sa sun fi waɗanda suke rainawa buƙatar gyara.

Mu fara da girman aikin. A Wales akwai gine-gine kimanin 30,000 da doka ta sa a jerin kariya. Hukumar Cadw, wadda aka kafa a 1984, ita ke riƙe da jerin, kuma sunanta a harshen Welsh yana nufin adanawa. An kasa gine-ginen mataki uku: kimanin 500 ne a mataki na ɗaya, wasu sama da 2,000 a na tsakiya, sauran kuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari, suna mataki na ƙasa. Shiga jerin yana nufin ba a rushe gini ko a sauya fasalinsa sai da izini. Amma doka ba ta toshe yoyon rufi, ba ta kuma aika kowa ya je ya ga halin da ginin yake ciki bana. Gini na iya zama a rubuce a takarda alhali ruwan sama na cin bangonsa.

A nan masu sa kai suka shigo. A Wikipedia akwai jerin gine-ginen manyan matakai na ƙananan hukumomin Wales 22, kowane gini da sunansa, da wurin da yake a taswira, da ranar da aka sa shi a jerin, da lambarsa ta Cadw, da gurbin hoto. Gurbin da babu hoto kira ne ga duk mai wucewa ta wurin. Gasar hotuna ta Wiki Loves Monuments, wadda aka fara a Holan a 2010 kuma Birtaniya ta shiga a 2013, ta mai da cike waɗannan guraben al'ada ta shekara-shekara. Dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1988 ta halatta ɗaukar hoton gini da yaɗa shi, don haka malamin makaranta mai ritaya ko ɗaliba mai wayar hannu na iya tsayawa a bakin hanya su yi abin da ma'aikatan hukuma ƙalilan ba za su taɓa gamawa ba.

Masu suka sun ce waɗannan mutane ba ƙwararru ba ne. Gaskiya ne, akasarinsu ba su karanci tarihin gine-gine ba. Sai dai mai wannan suka bai san ƙa'idar wurin ba. Wikipedia ta hana marubuci kawo binciken kansa; dole kowace magana ta jingina ga madogarar da aka riga aka wallafa. Mai sa kai da ke rubutu kan wata gada ko majami'a yana ɗauko bayaninsa ne daga rahoton Cadw, ko daga rumbun Coflein na Hukumar Masarauta mai kula da kayan tarihin Wales, wadda ke aiki tun 1908, ko daga littattafan masana. Aikinsa shi ne ya ɗauko ilimin ƙwararru daga inda yake kwance ya kai shi inda jama'a ke nema. In ya yi kuskure, kuskuren na fili ne, tarihin gyaran shafin na nan, kowa na iya gani ya gyara a ranar. Kuskuren da ya shiga littafi kuwa yakan yi shekaru yana jiran sabon bugu.

Ƙwararrun Wales na gaskiya ma ba su tsaya raini ba. A 2015 Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Aberystwyth ya ɗauki Jason Evans domin ya haɗa ma'aikatar da masu sa kai na Wikipedia, kuma a 2017 aka mai da muƙamin na dindindin. Ta wannan hanya dubban tsoffin hotuna da zane-zane suka fita daga ma'ajiya zuwa intanet, ciki har da hotunan John Thomas, wanda ya zaga garuruwan Wales da kyamara a ƙarni na 19. Tun kafin nan, a 2012, garin Monmouth ya manna wa gine-ginensa ƙananan alluna masu lambar da waya ke karantawa, ta buɗe wa baƙo bayanin ginin a harshensa. Idan masu gadin ilimin ƙasa sun buɗe ƙofa, wane ne kai da za ka tsaya a waje kana tsaki?

Hujjata mafi nauyi ita ce tambayar wane ne ke zaɓen abin da za a tuna. Duk wanda ya ga tallan yawon buɗe ido na Wales ya ga kagarun Caernarfon, Conwy, Harlech da Beaumaris, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1986. Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ne ya gina su bayan ya ci Wales da yaƙi a 1282 zuwa 1283, domin ya danne mutanen ƙasar. Gine-ginen da mutanen Wales suka yi wa kansu kuwa su ne ƙananan majami'un da ba na cocin gwamnati ba, sama da 6,000, waɗanda ma'aikatan haƙar kwal da masu fasa dutse da manoma suka tara kuɗi suka gina. A cikinsu aka koyi karatu da harshen Welsh, a cikinsu aka saba da waƙar taro da muhawara. Yau da yawansu sun rufe; wasu sun zama gidajen kwana, wasu shaguna, wasu kango. Kagarar Caernarfon ba ta rasa mai ɗaukar hotonta ba. Majami'ar ƙauye da za a sayar wata mai zuwa ita ce ke buƙatar wani ya je, kuma wanda zai je ɗin yawanci mai sa kai ne da kakarsa ta yi ibada a wurin.

Mutanen Wales sun san abin da ake nufi da ɓacewar wuri. A 1957 majalisar dokokin Birtaniya ta amince birnin Liverpool ya yi madatsar ruwa a kwarin Tryweryn, ba tare da ɗan majalisar Wales ko ɗaya ya goyi baya ba. A 1965 ruwa ya shanye ƙauyen Capel Celyn da majami'arsa da makarantarsa da gidan wayarsa. Abin da ya rage na kamannin ƙauyen shi ne hotuna, irin waɗanda ɗan jarida Geoff Charles ya ɗauka. Wanda ya san wannan labari ba zai kira ɗaukar hoton tsohon gini wasan marasa aikin yi ba.

Akwai kuma batun harshe. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen Welsh 538,300 ne, kashi 17.8 cikin ɗari na jama'ar yankin. Wikipedia ta harshen, wadda aka buɗe a 2003, wuri ne da ginin ke amsa sunansa na asali. A ƙasar da ake kukan masu sayen gidaje daga waje suna sauya sunayen gonaki da gidaje zuwa na Turanci, har gwamnati ta buɗe jerin sunayen wurare na tarihi a 2017, rubuta suna daidai aiki ne na kare gado. Mai karatun Hausa da ya taɓa neman tarihin wani gini na garinsu a harshensa ya rasa zai gane darajar wannan.

Suka ɗaya ce nake ganin tana da ƙarfi: cewa aikin kyauta yana arzurta manyan kamfanonin fasaha, waɗanda ke kwashe bayanan su sayar, yana kuma ba gwamnati uzurin janye hannu. Haɗarin na nan. A kasafin 2024 gwamnatin Wales ta rage kuɗin Babban Ɗakin Karatu da na gidajen tarihi na ƙasa da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Amma laifin na wanda ya yanke kasafin ne da kamfanin da ya ci bai ambaci mai abu ba. Masu sa kai ba sa maye gurbin ƙwararru, domin da rahoton ƙwararru suke aiki; in aka rufe rumbun Coflein, hannunsu ya yanke. Wanda ke tausayin su da gaske, ya je ya yi faɗa kan kasafin kuɗi, ya kuma matsa wa kamfanoni su mutunta sharaɗin lasisin da ya ce a ambaci mai hoto.

Saboda haka, ga mai digiri da ya gano kuskure a shafin wata majami'a ko gada, maganar Hausawa ta ishe shi: kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara. A wannan karon tsanin a jingine yake, maɓallin gyara na saman shafin, kuma ba a tambayar kowa takardar shaida kafin ya danna.