Fumfunar bangonku ba laifin damina kaɗai ba ce

'Yan'uwa mazauna Waliya, Tukura da Ngeli bakin gadar Kuseri, ku ɗaga tabarma ku dubi gindin bangon ɗakinku. Baƙin tabon nan mai wari fumfuna ce, kuma ba ta fitowa sai inda danshi ya zauna. Ita ke sa yaro tari cikin dare, ta tayar wa mai asma ciwonsa, ta lalata buhun gero. Ko kun shafe ta da fenti za ta dawo, muddin ruwa na kwance a gindin gini.

To, wa ya bar ruwan ya kwanta? Za su ce muku ikon Allah ne. Ruwan sama na Allah ne, babu musu. Amma haƙa lambatu, da yashe shi kafin damina, da gyaran bututun famfo da ya fashe yana jiƙa bangon mutane, aikin hukuma ne. Njamena shimfiɗaɗɗen gari ne mai ƙasar laka, ruwa ba ya fita sai an yi masa hanya. Duk wanda ya mulki garin nan ya san haka.

A 2022 kogin Shari da na Logon suka cika suka afka wa gunduma ta 9, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba. A 2024 ambaliya ta dawo, ta kashe mutum fiye da 500 a faɗin Chadi. Manya sun zo, an ɗauki hoto, an tafi. Da ruwa ya janye, ku aka bari da jiƙaƙƙen bango, da rufin da ke yoyo, da kuɗin magani. Mai haya ma ba a rage masa ko dala ba.

Za su nuna muku ganuwar da aka yi a bakin kogi. Madalla, ganuwa tana tare kogi. Ruwan saman da ya taru cikin unguwa fa, ta ina zai bi?

Jam'iyyar MPS ke riƙe da mulki tun 1990, ana sayar da man Doba tun 2003. Ba lokaci suka rasa ba, ba kuɗi ba. In ɗan takararsu ya zo da riga da hula, ku tambaye shi a gaban mai unguwa: wane lambatu za a haƙa a layinmu, a wane wata, nawa aka ware masa?