Kafin mu zagi Bature, a tambayi gara

1/ Duk sanda wani ya ɗora hoton tsohon rubutun ajami da ke ajiye a Landan ko Amurka, sai ƙasan hoton ya cika da "sun sace mana tarihi", "a dawo mana da kayanmu". To yau ina da magana, kuma ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Maganar ita ce: littattafan da gara da ɗanshi da rabon gado suka cinye a gidajenmu na Kano sun fi waɗanda Bature ya ɗauka yawa, nesa ba kusa ba. Kuma ci ake yi har yanzu. Yau ɗin nan. A layinku.

3/ Bari in fara ba ku naku, don kar a ce na zama karen farautar Turawa. Eh, an ƙwace. A 1890 sojojin Faransa suka kwashe ɗakin karatun gidan Alhaji Umaru Tal a Segu, yana birnin Faris har gobe. A 1903 da Ingilishi suka ci Sakkwato, sun tattara wasiƙun da suka samu a gidan Waziri Buhari, daga baya wani jami'insu Backwell ya fassara su ya buga a 1927. Wannan ganima ce, ba wanda zai wanke ta.

4/ Amma ku zo mu duba na gida. Akwai wani malami ɗan kasuwa Bakano, Umaru Falke, ya rasu a 1962. Ya bar tarin rubuce-rubuce sama da 3,000: fiƙihu, waƙoƙi, magani, asirai, wasiƙu, Larabci da ajamin Hausa. Yanzu suna Jami'ar Northwestern a Amurka, kowanne da lambarsa, a ɗaki mai sanyi.

5/ Abin da ciwo. Ɗalibin BUK sai ya nemi biza kafin ya taɓa takardar da aka rubuta a cikin ganuwa. Na yarda. Tambayata ɗaya ce: Falke shi kaɗai ne malami mai littattafai a Kanon 1962? Ina na sauran? Ina na tsaransa na Madabo da Salga da Koki? Waɗanda suka tsaya a hannunmu, nawa ne za a iya nuna wa mutum a yau?

6/ Ga yadda suke mutuwa, ku saurara da kyau, don ba da wuta ake kashe yawancinsu ba.

Tsohon littafinmu ba ɗinki gare shi ba. Warƙa-warƙa ne, a haɗa a sa tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiya, a zura a gafaka. Ba lambar shafi. Kalmar farko ta shafi na gaba ake rubutawa a ƙasan wanda ya gabace shi, da ita mai karatu ke gane jeri.

7/ Sai malam ya rasu. Aka zo rabon gado, magada goma sha. Gida an yi masa kuɗi, gona an yi mata kuɗi, littattafai kuwa "a raba kowa ya samu albarka". Sai a tsinka littafi ɗaya gida uku. Kashi ɗaya ya bi Yaya zuwa Legas, ɗaya ya shiga adakar Hajiya, ɗaya aka jefa kan silin. Littafin ya mutu ranar nan, ko da ko warƙa ɗaya ba ta yage ba.

8/ Wanda ke cikin adaka, damina ɗaya ta ishe shi. Mu da ke Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi ba sai an ba mu labarin watan Agusta ba, mun san yadda ruwa ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Tawadarmu ta gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, wadda aka yi da gawayi ruwa na taɓa ta sai ta narke. Abin da ruwa ya rage, gara da asu da kyankyaso su ƙarasa.

9/ Na taɓa ganin an buɗe irin wannan adaka a wani gida a nan Tarauni, bayan shekaru ba a taɓa ta ba. Daga sama lafiya lau. Ana ɗagawa sai gari. Gari fa, kamar na tuwo. Mai gidan ya ce "Allah ya yi kwanansu ya ƙare". Haba Alhaji. Kwanansu bai ƙare ba, bulo huɗu za ka sa a ƙarƙashi.

10/ Alhali ita takardar kanta tarihi ce. Ka ɗaga tsohuwar warƙa ka haska ta da rana, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikinta. Takardar Italiya ce, ta bi ta Tarabulus, raƙuma suka tsallako da ita Sahara har kasuwar Kurmi. Warƙa ɗaya na ba ka labarin fatauci tun kafin ka karanta harafi ɗaya. Ita muke bari a naɗe tsire da ita.

11/ Yanzu ku ga yadda wasu ke yi da nasu. Mabiya cocin Mormon a Amurka, addininsu bai kai shekara 200 ba. An buga littafinsu karon farko a 1830, kwafi 5,000, a wani ƙaramin gari Palmyra a jihar New York. A 2017 cocin ya biya dala miliyan 35 don ya mallaki rubutun hannun da aka kai wa maɗaba'a. Miliyan 35. Don takardar 1829 zuwa 1830.

12/ A shekarun nan Nana Asma'u tana raye tana rubutu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado yana rubutu. Ba ina kwatanta aƙida ba ne, kar wani ya taso min. Ina kwatanta yadda mutane ke ɗaukar takardarsu.

13/ Ku bar ma addini. Littafin barkwanci na zane. Action Comics lamba ta 1, wanda Superman ya fara fitowa a ciki, an sayar da shi kwabo goma na Amurka a 1938. A Afrilun 2024 kwafi ɗaya ya tashi dala miliyan 6 a gwanjo. Me ya ba shi tsada? An zubar da kusan duka, don ana ganin shirmen yara ne. Ɗan abin da ya tsira shi ne zinare.

14/ Kun ga inda zan je ko? Littattafan soyayya.

15/ Daga ƙarshen shekarun 1980 har farkon 2000, Kano ta yi abin da ba a cika gani ba a Afirka. Matasa, da yawansu mata, suka riƙa rubuta labari da harshensu, su buga da kuɗinsu, a sayar a Sabon Gari da bakin Bata, a ba da haya a shaguna cikin unguwa. Ba tallafin gwamnati, ba kamfanin Turawa. Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Bala Anas Babinlata, da ɗaruruwa irinsu.

16/ Mu me muka yi? Muka raina su. Aka ce adabin kasuwa ne, masu ɓata tarbiyya. A 2007 a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu har tara su aka yi aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ka so su ko ka ƙi su, wannan ra'ayinka ne, akwai marasa kyau a ciki ba musu. Amma a cikinsu ne za ka ji yadda budurwar Kano ta 1993 ke magana, nawa ne lefe, me ake cewa kan auren dole da kishiya da boko. Babu wani kundin gwamnati da ya rubuta wannan.

17/ Su wa suka zauna suka jera su? Graham Furniss na SOAS a Landan da abokan aikinsa suka fitar da kundin sunayen waɗannan littattafai na 1987 zuwa 2002, aka buga a Jamus a 2004. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba kuwa, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ne ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. Indiya fa. Mu da muka haddace finafinansu.

18/ Nan da shekara 30, jikanku zai ga bangon In Da So Da Ƙauna a shafin wata jami'ar waje ya rubuta "sun sace mana". Ba su sace ba ɗana. Kakarka ce ta ba mai ƙosai ta naɗe na naira hamsin.

19/ Haka bugun Zariya. Gasar 1933 da Rupert East ya shirya ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939. NORLA ta zubo ƙananan littattafai a shekarun 1950 lokacin Yaƙi da Jahilci. Duk gidan tsohon malamin firamare ko ma'aikacin En'e akwai su. Su ake auna wa ƴan gwangwan a kan sikeli tare da tsofaffin takardun jarrabawa.

20/ Na san amsar da ke zuwa: "Malam ai zamani ya wuce nan, a yi sikanin kawai, PDF ya isa."

A yi sikanin, ƙwarai, ni ma ina yi. Amma a Oktoban 2023 ƴan kutse suka afka wa British Library, ɗaya daga cikin manyan ɗakunan karatu na duniya, rumbunta na intanet ya yi watanni a rufe. Ita ke nan. Kai kuma taskarka waya ce mai fasasshen gilashi, wadda ɗan ƙwace zai iya raba ka da ita a Zoo Road kafin ka ce innalillahi.

21/ Ku tambayi marubutan yanzu masu sakin labari a WhatsApp. Littafin da ya tashi kan mata a 2016, yau ina yake? Guruf ya watse, wayar admin ta faɗa ruwa, shi ke nan. Takardar Kurmi ta yi shekara 200 a gafaka. Fayil ɗinka bai ga shekara goma ba. Sannan hoto ba ya nuna maka tambarin cikin takarda, ba ya nuna inda aka sauya tawada, da su ake gane na gaske da na jabu.

22/ Jabu kuma akwai shi, duk inda kuɗi ya shiga. Su Mormon ɗin sun ɗanɗana. Wani dillali Mark Hofmann ya yi shekaru yana ƙirƙirar "tsofaffin" wasiƙu yana sayar wa cocin da attajirai, ƙwararru na tabbatar masa. Da asiri ya kusa tonuwa, a 1985 ya dasa bama-bamai ya kashe mutum biyu a Salt Lake City. Don haka masu jin dala miliyan 6 su fara lissafin adakar kaka, ku dakata. Ban kawo alƙaluman nan don in buɗe muku kasuwa ba.

23/ Yawancin abin da ke gidajenmu ba zai sayi ko babur ba. Kwafin Ishiriniya da Ahalari da Risala suna da yawa. Darajarsu na cikin abin da ke gefe: sunan wanda ya kwafa, garin da ya kwafa, fassarar ajami tsakanin layuka, ranar haihuwar wani da aka rubuta a bayan bango, takardar bashi da aka manta a tsakiya. Dillalin da zai zo ya ce yana saye "don a adana" zai ba ka kuɗin cefanen sati ya tafi da sunan kakan kakanka. Kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba.

24/ "To gwamnati ta yi mana." Gidan Ɗan Hausa na nan, Gidan Makama na nan, Arewa House a Kaduna tun 1970, Rumbun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Ku matsa musu lamba, haƙƙinku ne, ku tambayi kasafinsu. Amma gwamna ba zai shiga ɗakin Hajiya ya ɗaga adaka daga ƙasa ba.

25/ Timbuktu ma ba gwamnati ce ta cece ta ba. A 2012 da masu bindiga suka mamaye garin, iyalai masu ɗakunan karatu ne, da jagorancin Abdulƙadir Haidara, suka riƙa lallaɓa rubuce-rubuce cikin adakoki, ta mota da kwalekwale, har Bamako. Dubban ɗaruruwa. Da maharan suka cinna wuta a cibiyar Ahmad Baba a Janairun 2013, ƴan dubbai suka samu. Waƙoƙin Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997, a gidan Waziri aka riƙe su tsawon zamani. Gida ne ya riƙe.

26/ Abin yi ba shi da tsada. Ɗaga adaka daga ƙasa, nesa da bango. Kar a sa a leda, tana tara gumi. Kar a liƙa salatif, kar a kai a yi laminatin, wannan kisa ne da sunan gata. Kar ka jera warƙoƙin da suka hargitse in ba ka iya ba, bar su yadda ka same su. Hannu a wanke a bushe. Ɗauki hoton kowane shafi da hasken rana, har bango da gafakar, ka ajiye a wuri fiye da ɗaya.

27/ Sannan ka zauna da tsohuwar gidan tun tana nan. Na wa ne? A wajen wa ya yi karatu? Daga wane gari ya zo da shi? Rubuta ka sa a ciki. In maganar gado ta taso, ku tambayi malamai hanyar da za a yi wa littattafan kuɗi mutum ɗaya ya riƙe, ko magada su yarda a mai da su waƙafi, a daina tsinka su.

28/ Masu littattafan soyayya da tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙarƙashin gado, ku ma da ku nake. Har na ɗaya da na biyu da na uku, kar a raba su. In Umma ta ce za ta ba mai gwangwan ranar Asabar, ku ce ta ba ku sati ɗaya. Ku ɗora hoton bangon a ƙasan zaren nan da shekarar bugu in akwai, mu fara ganin me ya rage tsakanin Tarauni da Hausawa.