Zamfara: Gina gida tsakanin ambaliya da tsadar siminti

Ambaliyar ruwan da ta auka wa garin Gummi na jihar Zamfara a watan Agustan 2024 ta raba dubban mutane da muhallansu.

Ginin bulo ya fi na ƙasa jure ruwa, to amma a farkon shekarar farashin buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu sassan Nijeriya, lamarin da ya sa gwamnatin tarayya ta gana da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge.

A Gummi da Anka da Bukkuyum, magidanci kan yi gini ne sannu a hankali: ya sayi fili, sannan duk kaka ya sayar da hatsi ko dabba ya ƙara ɗaki.

Hare-haren 'yan bindiga sun gurgunta wannan tsari, domin sun hana manoma da dama zuwa gona, kuɗin fansa kuma ya cinye dabbobi.

Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ya fi amfanar masu albashi, ga kuma ƙyamar da jama'a ke yi wa bashi mai ruwa.

Abin fargabar shi ne, iyalai da dama za su sake ginin ƙasa a inda ruwa ya taɓa ci.