Filin Direbobi: Giyar Da Ta Dace Da A-Kori-Kura Mai Jan Tirela

 A wannan mako za mu duba wani al'amari da direbobin a-kori-kura da yawa suke ɗauka da wasa, watau zaɓen giya a lokacin da aka ɗaura wa mota ƙaramar tirela a baya, ko ta buhunan hatsi ce, ko tankin ruwa, ko injin ba da wuta. Motar da take jan kaya halinta dabam ne da motar da take tafiya ita kaɗai, kuma direban da bai san wannan ba yana wasa ne da dukiyar maigidansa, da ransa, da rayukan bayin Allah da ke kan hanya.

Da farko ya kamata mu san amfanin giya. A yawancin motoci masu giya biyar, in aka sa lamba ɗaya, inji yakan juya kamar sau huɗu kafin farfela ta juya sau ɗaya, sabo da haka ƙarfi yana da yawa, gudu kaɗan. A lamba huɗu inji da farfela tafiyarsu ɗaya. A lamba biyar kuwa farfela ta fi inji saurin juyawa. An yi ta ne domin shimfiɗaɗɗiyar hanya da sauƙin shan mai, ba domin jan nauyi ba. Tsofaffin Peugeot 404 da aka yi yayinsu bayan buɗe masana'antar Kaduna a 1975 giya huɗu gare su, motocin yanzu irin su Toyota Hilux kuwa biyar ko shida, amma ƙa'idar ba ta sāke ba: in nauyi ya ƙaru, sai giya ta sauka.

To, in za a tashi, a tashi da lamba ɗaya, ko da an saba tashi da lamba biyu in motar ba kaya. Tashi da lamba biyu yakan tilasta wa direba ya riƙe kuloci rabi da rabi yana ba da wuta, wannan kuwa shi ne yake ƙona faifan kuloci. In a kan hawa ne, sai a riƙe motar da birkin hannu har inji ya ɗauki nauyin, sa'an nan a saki.

A kan miƙaƙƙiyar hanya, alamar giyar da ta dace ita ce in direba ya taka totur, motar ta amsa nan take. In kuwa ya taka har ƙasa amma gudu bai ƙaru ba, inji yana gurnani, jikin mota yana karkarwa, to giyar ta yi masa girma, sai a sauko da lamba ɗaya. Barin inji cikin wannan wahala yana sa shi zafi, yana kuma cin ƙarfen cikinsa. Yawancin injunan gas na a-kori-kura sun fi ƙarfin ja in allurar ma'aunin juyawa tana wajen 2,000 zuwa 2,500, na fetur kuwa sukan bukaci fiye da haka.

Wajen hawan tudu, a canja giya tun daga gindin tudun, kada a jira sai motar ta fara sarewa a tsakiya, domin a ɗan lokacin da aka taka kuloci nauyin tirela yana jan motar baya. Daɗin daɗawa, injin da ba shi da tabo yakan rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, sabo da ƙarancin iska. Birnin Jos yana wajen mita 1,200 bisa teku, ashe ke nan motar da ta taso daga Legas ta rasa ɗan fiye da ushirin ƙarfinsa kafin ta isa can. A riƙa duban allurar zafi, in ta fara hawa a rage gudu, a sauko da giya.

Amma inda haɗari ya fi yawa shi ne gangara. Duk wanda ya san Hawan Kibo a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ko sauka daga tsaunin Mambila, ya san abin da muke nufi. Dokar tsofaffin direbobi ita ce, giyar da ta hau da kai tudu, ita za ta sauko da kai, kuma a sa ta tun kafin a fara gangarawa. Ta haka inji ne zai riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, takalman birki za su yi zafi su daina kamawa, man birki kuma yana iya tafasa. Sabon man birki mai lamba DOT 3 sai zafi ya kai awo 205 a ma'aunin Salshiyas yake tafasa, amma in ya tsufa ya sha danshi, awo 140 na iya isarsa. Da ya tafasa, sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse a banza.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, dabarar nan ta sa mota a furi a gangara domin tsimin mai ta ƙara jan hankalin mutane. Haƙiƙa wannan ganganci ne, kuma babu riba a cikinsa. Injunan zamani suna yanke mai da kansu in motar tana cikin giya kuma an ɗage ƙafa daga totur, alhali a furi dole inji ya sha mai domin kada ya mutu. Wanda kuwa ya kashe injin ɗungum, ya raba birki da sitiyari da abin da yake taimaka musu.

Masu mota mai canja giya da kanta su ma da nasu. In aka ji tana ta hawa da sauka tsakanin giya biyu, sai a tsayar da ita a ƙaramar, domin wannan kai da kawowa yana dafa man giya. In motar tana da maɓallin jan kaya, a danna shi.

Daga ƙarshe, babu giyar da za ta ceci motar da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta. A duba littafin motar. Alal misali, waɗansu Hilux na yanzu an yarda su ja har kilo 3,500 in tirelar tana da birkinta, amma kilo 750 kaɗai in ba ta da shi. A kuma sa mafi yawan kayan a gaban tayoyin tirela, domin in nauyi ya koma baya sai ta riƙa lilo.

Muna roƙon masu motoci su daina ƙayyade wa direbobi mai da lokaci har su kai su ga kasada. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.