Wa Ke Magana da Yawunmu a Majalisa?

Duk malamin da ke bi ta Ƙofar Ɗan Agundi da sassafe zuwa makarantarsa ya ga yadda aiki ke tafiya idan hukuma ta sa shi a gaba. Tun da aka ɗora hannu a kan aikin gada a mahaɗar nan muke shan ƙura, muna zagaye, muna haƙuri, domin mun san cunkoson da ake son warwarewa. Ba mu ƙi gada ba. Abin da muke son tunatar da juna shi ne, bisa tsarin mulki, ko kwabo ba a taɓawa daga baitulmalin jiha sai da amincewar Majalisar Dokoki da ke Sakatariyar Audu Bako. Ta zauren da kuɗin gada ya bi, ta nan kuɗin benci da alli da rufin aji da ƙarin girmanmu suke bi. Saboda haka ya zama wajibi mu san waɗanda ke zaune a wannan zaure, daga ina suka fito, kuma me ya fi damunsu.

Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da kujeru 40, wato iyakar abin da sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarje wa kowace jiha. Ƙaramar hukumar Birni da Kewaye, mai mazaɓu 13, tun daga Ɗan Agundi da Yakasai da Zango har zuwa Sharaɗa da Gandun Albasa, kujera ɗaya tak take da ita, alhali ƙidayar 2006 ta samu sama da mutum 365,000 a cikinta. A zaɓen 2023 kujerar ta tafi hannun Alhaji Sarki Aliyu Daneji na jam'iyyar NNPP, wadda ta samu rinjaye a majalisar, aka kuma zaɓi Jibril Isma'il Falgore ya zama kakaki. Baki ɗaya ke nan ke magana da yawun dukkan makarantun cikin ganuwa da na bayanta da ke wannan yanki. Idan wannan baki ya yi shiru a kan ilimi, babu na biyu da zai yi magana a madadinsa.

Dokar ƙasa ba ta tsaurara ba wajen wanda zai hau kujerar. Sashe na 106 ya nemi ɗan ƙasa mai shekara 25, bayan gyaran da aka yi a 2018, wanda ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, kuma jam'iyya ta tsayar da shi. Sai dai sashe na 107 ya ce ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aikinsa kwana 30 kafin zaɓe. Ku dubi malamin firamare mai iyali, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Da me zai sayi fom ɗin takara, da me zai bi wakilan jam'iyya a zaɓen fid da gwani, kuma idan ya faɗi ina zai koma? Ɗan kasuwa da ɗan kwangila da wanda ya taso a gindin wani jagoran siyasa ba su da wannan fargaba. Shi ya sa hanyar majalisa ta fi buɗe musu, ta ƙuntace wa mai alli.

A da, aji shi ne babbar ƙofar shiga siyasa a Arewa. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Balewa a ta Bauci, Shehu Shagari ma malami ne. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, kafin ya ajiye alli a 1950 ya shiga gwagwarmayar NEPU. Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule daga Midil ta Kano, wadda ita ce Kwalejin Rumfa ta yau, ya tafi majalisar tarayya a 1954. A zamaninmu ma Malam Ibrahim Shekarau, malamin lissafi, ya mulki jihar nan daga 2003 zuwa 2011. Mutanen nan sun san yadda yaro ke zama idan ya zo makaranta bai karya ba, domin sun gani da idonsu, kuma gani ya kori ji.

Duk da haka kada mu yaudari kanmu. Riƙe alli a baya ba ya sa mutum ya tuna da aji bayan ya shiga mota mai sanyi, kuma ɗan kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari da ya san darajar malamin da ya koya masa lissafi yana iya fin tsohon malami amfani. Asalin mutum yana nuna mana abin da ya sani. Abin da ya sa a gaba kuwa, sai a aikinsa ake ganinsa, kuma aikin ɗan majalisa yana da ma'auni guda uku da doka ta ba shi: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda aka kashe shi, wanda sassa na 128 da 129 suka ba majalisa ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani a kansa.

Mun ga yadda majalisa ke da sauri idan ta ga dama. A watan Mayun 2019, cikin kwanaki ƙalilan, ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano. A ranar 23 ga Mayu 2024 ta soke dokar masarautun, gwamna ya sa hannu a wannan ranar. Ƙungiyarmu ba ta da ta cewa a rikicin sarauta, kuma membobinmu suna kowane ɓangare. Darasin da muka ɗauka ɗaya ne: abin da 'yan majalisa suka ɗauka da muhimmanci ba ya kwana a kwamiti. To muna roƙon a ba makaranta ko da rabin wannan himma.

Adalci ne mu faɗi abin da aka yi. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma kasafin 2024 da na 2025 sun ware wa ilimi kimanin kashi 30 cikin 100, majalisa ta amince. Mun yaba. Amma kasafi alƙawari ne a takarda, kuma tsakanin abin da aka ware da abin da aka saki akwai tafiya mai nisa. A wannan tazara ce aikin ɗan majalisa yake. Shi ya kamata ya tambaya: nawa aka saki a wata ukun farko? Azuzuwa nawa aka gyara a mazaɓata? Malamai nawa aka ɗauka, ina aka tura su? An biya kason jiha domin karɓo tallafin hukumar UBEC, wanda dokar 2004 ta sharɗanta? Waɗanda aka yi wa ƙarin girma, ya shiga albashinsu? Tsofaffinmu da suka yi ritaya, ina aka kwana a kan haƙƙinsu?

Akwai kuma batun da ya fi taɓa tukunyar gidajenmu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Daga wannan kaso ne ake cire albashin malaman firamare. Manyanmu a wannan ƙungiya ba su manta da shekarun da albashi ya koma hannun ƙananan hukumomi aka yi ta bin bashin watanni ba. Sashe na 7 ya ɗora wa majalisar jiha yin dokar da ke tsara ƙananan hukumomi da kuɗaɗensu. Ke nan duk yadda za ta kaya, 'yan majalisa na da hannu wajen tabbatar da cewa albashin malami ya zama abin da ake fara cirewa. Muna son jin matsayin wakilinmu a kan wannan tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma muna da namu laifin. Sau nawa muka je ƙofar ɗan majalisa da takardar neman gyaran makaranta, sau nawa kuma da katin ɗaurin aure ko takardar asibiti? Idan muka mayar da shi mai rabon kuɗin suna da buhun azumi, da wannan ma'aunin zai auna kansa, kuma wanda ya karɓa bakinsa ya yi nauyi. Talauci ne ke kai da yawanmu, mun sani, ba ma kuma zargin kowa. Sai dai buhun shinkafa wata guda yake yi, doka mai kyau kuwa har jikoki.

Shawararmu ga wannan reshe ita ce, kowace makaranta ta rubuta halin da take ciki: yawan yara a aji, yawan malamai, benci, banɗaki da ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Reshe ya haɗa wannan ya miƙa wa wakilinmu da kwamitin ilimi na majalisa a rubuce, ya ajiye kwafi. Mu gayyace shi cikin girmamawa ya zauna a aji ɗaya na tsawon darasi guda, ba tare da maroƙa ba. Idan aka buɗe zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi, mu tura wakilai masu riƙe da alƙaluma. Idan kuma zaɓe ya ƙarato, mu yi wa kowane ɗan takara tambayoyi iri ɗaya, mu buga amsoshinsu a wannan mujalla tamu, iyalanmu su karanta kafin su ɗauki katin zaɓe.

Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, tun kafuwarta a 1931, ba jam'iyya ba ce, ba ma kuma neman ta zama. Amma duk wanda ke zaune a zauren nan na Audu Bako, wani malami ne ya fara kama hannunsa ya koya masa rubuta sunansa, don haka muna da bakin da za mu tambaye shi abin da yake sa wa hannu a yau. Allah Ya yi riƙo da hannayensu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya cikin ladabi.